Admin ya goge linkin manhajar kallon ƙwallo kyauta, muhawara ta ɓarke

Sadiq Gunners: Salam jama'a. Admin, don Allah laifin me na yi aka goge linkin da na turo? Mutane sun tambaya a nan inda za su kalli wasan Asabar ba tare da dikoda ba, na taimaka musu da manhajar da kowa ke amfani da ita, kafin in juya an share. Ba hoton banza ba ne, ba caca ba ce, ba siyasa ba. Ƙwallo ce fa.

Abban Walid (admin): Wa alaikumus salam Sadiq. Ni na goge. Fayil ɗin APK ne, wato fayil ɗin saka manhaja a wayar Android, daga shafin da ba mu san mai shi ba, kuma a guruf ɗin nan akwai iyaye mata da dattawa da duk abin da aka turo dannawa suke yi. In magana kake so a yi a kai, bismilla, fili naka ne. Amma ban da linki.

Sadiq Gunners: To Yaya, a yi maganar. A ƙarin da MultiChoice suka yi a Maris 2025, DStv Compact ya koma naira 19,000 a wata, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne, shi ma ba kowace jiha ke biya da daɗin rai ba. A shekarar dai aka ƙara kuɗin data da kashi 50. Ka biya kuɗin wata, a ɗauke wuta, ka sayi mai. Wa ya fi wani sata tsakanina da su?

Maman Ilham: Wallahi Sadiq ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ba ƙwallo nake kallo ba, fina-finan Turkiyya da na Koriya ne, kuma yarana ne suka sa min manhajar. Tambayata ɗaya: laifi ne a doka ko ba laifi ba ne? Kada wata rana a ƙwanƙwasa min ƙofa.

Lauyan Unguwa: Hajiya, kwantar da hankalinki, bari in rarrabe miki. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin tsohuwar da aka yi tun 1988, zamanin kaset. Sabuwar ta shigo da intanet ciki. Wanda ya ɗauki aikin wani ya baza shi ga jama'a ta intanet don neman kuɗi ba da izinin mai shi ba, hukuncinsa tara ce da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa duka. Ta kuma hana fasa makullin da kamfani ya sa wa tasharsa, ta ba Hukumar Haƙƙin Mallaka ikon sa a toshe shafi. Ki lura da inda nauyin yake: mai manhajar, mai sayar da akwatin da aka cika da tashoshin sata, mai karɓar kuɗi a ƙofa ya nuna wa mutane. Ke da ke kwance a ɗakinki kina kallo a waya ba ke dokar ta sa a gaba ba. Amma kada a juya min magana, ban ce halal ba ne. Idan kika sauke fim ɗin a wayarki kin yi kwafi ba da izini ba, kuma mai haƙƙin yana da damar neman diyya a kotu in ya ga dama.

Sadiq Gunners: Ka ji ko, Admin? Barista ya wanke ni.

Lauyan Unguwa: Ban wanke ka ba, ƙanina. Hajiya kallo take yi, kai rabawa ka yi a guruf mai ɗaruruwan mutane. Ka matsa kusa da wutar fiye da ita.

Oga Gidan Kallo: Barista, ni fa maganarka ta sa cikina ya ɗuri ruwa. Ina da gidan kallo, benci goma sha biyu, talabijin uku. Dikoda nake amfani da ita, ina biya, amma ranar da wasanni suka yi karo nakan jona waya a talabijin ta uku.

Lauyan Unguwa: Oga, kai ne ma ainihin wanda ya kamata ya ji tsoro, domin kuɗi kake karɓa. Kuma ko dikodar taka, in ta gida ce, ƙa'idarsu ba ta yarda a nuna wa jama'a a karɓi kuɗi ba. Akwai tsarin 'yan kasuwa daban da suke sayar wa otal da gidan abinci da gidan kallo.

Oga Gidan Kallo: Wannan kuma sai a rufe rabin gidajen kallon Arewa. Amma in faɗa muku gaskiya, ko ba doka manhajar nan ta ishe ni. Tana baya da kusan minti guda. Kana zaune da mutane, ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba, sai ka ji ihu ya tashi daga gidan kallon da ke tsallaken titi, an ci. Duk ɗakin ya juyo yana kallonka. Ranar da aka ba da fanareti a minti na 88, ɗan wasa ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, hoton ya tsaya cak, wani da'ira yana ta juyawa, da ya dawo tallar caca ce ta cika allon. Sai da na mayar wa kowa ɗari biyunsa, wani ma ya tafi min da kujera.

Bash Mai Gyara: Ni ba ruwana da doka, Barista ya gama wannan. Aikina gyaran waya ne a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma abin da nake gani a kan tebur shi zan faɗa. Duk wanda yake tambayar "za a kama ni?" bai yi tambayar da ta dace ba. Ba ɗan sanda ne zai zo maka ba. Wayar da kake kallon ƙwallo a cikinta ita ce dai wayar da manhajar bankinka take, ita ce layin da lambar OTP ke shigowa, ita ce mai hotunan iyalinka. Manhajar da ba ta Play Store ba, kafin ta shiga sai ka buɗe mata ƙofa da hannunka, waya ta gargaɗe ka, ka ce ka ji ka gani. Daga nan ta fara roƙo: a ba ta izinin karanta saƙonni, a ba ta lambobin mutane, a bar ta ta hau kan sauran manhajoji. Me ya haɗa kallon ƙwallo da saƙonnin wayarka?

Mafi muni shi ne izinin da waya ke rubutawa Accessibility. An yi shi ne don makafi da masu lalura, waya ta karanta musu abin da ke allo ta danna musu. Manhajar da ka ba wannan izinin tana ganin duk abin da kake rubutawa, har lambar sirri, kuma tana iya dannawa da kanta kana barci.

Sadiq Gunners: Oga Bash, shekara nawa nake amfani da ita, ko kobo ba a taɓa cire min ba.

Bash Mai Gyara: Allah ya ci gaba da tsarewa. Amma ka san wace ka sauke? Manhaja ɗaya sai ka samu shafi ashirin kowa na cewa shi ne na asali. Kowa zai iya ɗaukar fayil ɗin, ya buɗe shi, ya cusa nasa a ciki, ya mayar da suna da tambari yadda suke, ya saka a Telegram ko WhatsApp. Ƙwallon za ta nuna lafiya lau, abin da ke ƙasa ne daban. Taka ta yiwu mai tsafta ce, wadda abokinka ya samu daga wani linkin ba ita ba ce. Kuma ko taka ɗin, gobe za ta ce ka sabunta, ka danna, abin da ya shigo ba wanda ya duba shi.

An kawo min wayar wata baiwar Allah mai sayar da atamfa, ta ce tana zafi ko ba a taɓa ta ba, caji ba ya kai azahar, data tana ƙarewa cikin dare. Na shiga jerin manhajoji, can ƙasa na ga wata ba suna ba hoto, fili kawai fari, ta cinye data fiye da WhatsApp ɗinta. Accessibility a kunne, izinin saƙonni a kunne, wurin gogewa ya yi fari ba ya dannuwa domin ta naɗa kanta mai iko da wayar. Na ce Hajiya duba asusunki. Ta ce ai ba alat ɗin da ya shigo. Da ta duba, an kwashe kuɗi sau uku, saƙonnin alat ɗin ma an goge su. A nan shagon ta zauna a ƙasa.

Nura Lissafi: Innalillahi. Amma Bash, a yi adalci, ta yaya ka tabbatar manhajar kallon ce? Mutanenmu suna ba da OTP da bakinsu ga duk wanda ya kira ya ce daga banki yake.

Bash Mai Gyara: Tambaya mai kyau. Ana iya gano ranar da aka saka kowace manhaja a waya. Marar sunan da manhajar fina-finan rana ɗaya suka shiga, kuma manhajar fina-finan ce aka ba izinin saka wasu manhajoji. Ita ta jawo ta.

Nura Lissafi: To na yarda. Bari in ƙara da abin da ba jita-jita ba. Masu dogon zango a harkar nan za su tuna Mobdro, manhajar kallon tashoshi kyauta. A 2021 'yan sandan Sifaniya da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka rufe ta, bayan an sauke ta sama da sau miliyan 100. Abin da binciken ya nuna shi ne ba talla kaɗai ke kawo musu kuɗi ba, har da sayar da bayanan masu amfani da ita ga wani kamfani mai alaƙa da tara na'urorin mutane ana kai hari da su ta intanet. Wato kana kallo, wani yana aiki da datarka da adireshin intanet ɗinka. Saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da miliyoyin masu kallo, kuɗi take ci kamar me, ba kuma don Allah suke yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Maman Ilham: To mu da muka sayi ɗan akwatin nan na Android da ake jonawa a talabijin fa? Shi ai ba banki a cikinsa.

Nura Lissafi: Hajiya, shi ma da tasa. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan abin da aka kira BadBox 2.0, akwatuna da na'urori masu araha marasa sanannen suna da ke zuwa da cutar tun kafin a buɗe kwali, ko su ɗauko ta lokacin da ake saka musu manhajojin farko. Google ta shigar da ƙara a kai a watan Yuli, ta ce na'urori sama da miliyan 10 abin ya shafa. Gaskiya ne ba banki a ciki, amma yana kan Wi-Fi ɗin gidanki, yana shan data, kuma kada ki kuskura ki shigar da imel ɗinki ko lambar katinki a cikinsa.

Ɗan Ci-rani Italiya: Ina gaida mutanen gida. Ku da kuke cewa ba a taɓa mai kallo, a nan an fara. Tun Fabrairun 2024 suka kafa wani tsari Piracy Shield, kamfanin da ke da haƙƙin wasa ya kai rahoto, cikin minti 30 dole masu ba da intanet su toshe. A 2025 kuma aka aika wa mutum sama da 2,000 takardar tara, mafi ƙanƙanta yuro 154, an samo sunayensu ne daga hanyar da suka biya masu tashar satar. Amma su ma suna kwafsawa, a Oktoban 2024 garin toshe ɓarayi suka toshe Google Drive na wasu sa'o'i, ƙasa ta ɗauki zafi.

Lauyan Unguwa: Haka ne. Turai sun daɗe da yanke wannan, tun 2017 kotun Tarayyar Turai ta ce wanda ya san tushen na sata ne ya ci gaba da kallo, ba zai fake da cewa bai sauke komai ba. A Ingila a 2023 an ɗaure mutum biyar masu wata tasha Flawless da ke sayar da Firimiya, shugabansu ya samu shekara 11. A 2025 an rufe Streameast, shafin kallon wasanni na sata, aka kama mutum biyu a Masar. Nan gida ma a Yulin 2025 Hukumar Haƙƙin Mallaka ta sa an dakatar da shafin fina-finan sata na MovieBox.ng.

Sadiq Gunners: Kuma washegari suka buɗe da wani suna. Barista, a bar maganar nan. Da ƙasa guda aka zarga da wannan aikin fa? Tashar sata ta beoutQ ta yi shekara biyu tana kwashe tashoshin beIN na Qatar ɗungurungum, har Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta yanke a 2020 cewa Saudiyya ba ta yi abin da ya kamata ba wajen hana su. Wa aka ɗaure? Sai ni mai wayar dubu sittin ne ɓarawo. Ɗan wasan da ke karɓar fam dubu ɗari uku a mako ba zai kwana da yunwa don na kalle shi kyauta ba.

Editan Fim: Sadiq, na yi shiru ne ina jiran a zo nan. Ka bar Firimiya, su ba za su ji ba. Mu fa? Manhajojin nan da tashoshin Telegram ba ƙwallo kaɗai suke ɗauka ba. Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, masana'antarmu YouTube ta koma, fim mai dogon zango, kowane mako kashi ɗaya, kuɗin da ake samu daga masu kallo ne da talla. Furodusa ya ci bashi ya biya 'yan wasa, ya biya mai kyamara, ya biya hayar gida da abinci, ni in kwana uku ina haɗawa. A sake shi ƙarfe takwas na dare, kafin tara yana Telegram an matse shi ya koma ƙarami, da safe yana wurin masu turawa a bakin kasuwa naira hamsin. Duk wanda ya kalla ta can, ko sisi bai shigo mana ba. Shi ya sa za ka ga fim ya yi farin jini kowa na maganarsa, amma ya tsaya a zango na biyu, a ce furodusa ya gudu. Bai gudu ba, karyewa ya yi. An gwada manhajojin biya irin su Northflix, mutanenmu suka ce me zai sa su biya abin da za a turo musu gobe.

Nura Lissafi: Edita, Allah ya ba da haƙuri, amma bari in ɗan tsokane ka. Manhajar da kake haɗa fim da ita, ka biya kuɗinta? Fassarar fina-finan Indiya da ta cika gari, an nemi izinin masu su? Kiɗan da ake ɗorawa a bayan fage fa?

Editan Fim: Ka san amsar, shi ya sa ka tambaya. Kowa a cikinmu yana cin naman wani. Amma wanda ya fi rauni shi ya fi jin jiki, kuma a layin nan mu ne a ƙarshe.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan Canal+ ne, kuma kukan ɗaya ne, kuɗin wata ya fi ƙarfin talaka. Samari duk sun koma manhajar Larabawa, ana kallon wasa da sharhin da ba a jin ko kalma ɗaya sai "gooool". Fina-finan Kano kuwa, Edita ka yi haƙuri, a memori muke samunsu, don data a nan ba ta kallon YouTube ba ce.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam yana nan kuwa? A addinance fa?

Malam Abu Sumayya: Ina biye, Hajiya. Malaman zamani sun tattauna wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya kwafi littafin ilimi don amfanin kansa ba don ciniki ba, amma ban ga yadda za a ja wannan sassaucin ya rufe wasan ƙwallo da fim ɗin soyayya ba, tunda ba lalura. Tsadar abu ba ta mayar da shi na kowa. Sannan ni abin da ya fi damuna tallace-tallacen ne. Caca da tsiraici suke faɗowa ba sallama, kuma yara ne riƙe da wayoyin.

Sadiq Gunners: Allah gafarta Malam, na ji, amma ni dai ba zan iya 30,000 ba.

Malam Abu Sumayya: Ba wanda ya ce ka biya 30,000, ɗana. Ga Oga yana karɓar ɗari biyu.

Oga Gidan Kallo: Ɗari uku ne ranar Gasar Zakarun Turai, Malam, saboda mai.

Abban Walid (admin): Akwai kuma taƙaitattun wasanni da tashoshin gasar da na ƙungiyoyin ke sakawa da kansu a YouTube bayan an tashi, ga manhajar FIFA+ ta hukumar ƙwallo ta duniya kyauta ce. Sadiq, dokar guruf tana nan: ba APK, ba linkin shafin kallo.

Sadiq Gunners: Oga Bash, in na sa ta a tsohuwar wayata da ba layi ba banki fa?

Bash Mai Gyara: Ka rage haɗarin kuɗinka, wannan gaskiya ne, muddin ba ka shigar da imel ɗinka na gaske a ciki ba. Maganar Barista da ta Malam kuma suna nan inda suke. Manhajar VPN ma da wasu ke taƙama da ita, adireshin intanet ɗinka take ɓoyewa, ba ta hana manhajar da ka riga ka shigar karanta saƙonninka, na kyautar ma wasunsu su ne ɓarayin.

Maman Ilham: Bash ɗana, na shiga inda ka ce. A ƙarƙashin Accessibility na ga manhajar fina-finan a kunne, da wata mai sunan Turanci kamar ta sabunta waya, ban san ta ba. Na kashe su, amma ta biyun ta ƙi goguwa, wurin ya yi fari.

Bash Mai Gyara: Hajiya, kashe data da Wi-Fi yanzu, kada ki buɗe manhajar banki a wayar. Ɗauki wayar wani a gidan ki kira bankinki ki ce a dakatar da asusun na ɗan lokaci, ki duba abin da ya fita, ki canza lambar sirri daga can. Sannan a saitin tsaro ki nemi inda aka jera manhajojin da ke da ikon gudanar da waya, ki cire mata alamar, za ta gogu. Bayan nan ki buɗe Play Store ki sa Play Protect ya bincika. In ta dawo da kanta, a kwashe hotuna da lambobi a wanke wayar gaba ɗaya, kuma kada a dawo da manhajoji daga tsohon ajiya. Ki duba wayoyin yaran ma, tunda daga wurinsu aka turo miki.